Taura Biyu: Digirin Kwamfuta Ta Intanet Da Takardar Shaidar Sana'a

Malam Edita ya ce in rubuta wani abu a shafukan Hausa na bana, wanda zai amfani 'yan'uwana ɗalibai da za mu fita tare, da kuma ƙannenmu da za mu bari a baya. Na daɗe ina juya abin a raina, har na ga babu abin da ya fi in ba ku labarin yadda na yi hasarar awakin uwata biyu, da abin da na koya bayan wannan hasara. Wanda ya ga dama ya yi dariya, ni ma yanzu ina yi. Amma ina roƙo ya karanta har ƙarshe kafin ya kai kuɗinsa inda na kai nawa.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, ni aka ba ni wata ƙaramar sakandare a wajen Bulunkutu, aka ce in koyar da kwamfuta. Makarantar ba ta da kwamfuta ko ɗaya mai aiki. Sai na ɗauki alli na zana ta a allo, na zana madannai, na zana linzami, na rubuta sunan ko wane sashe kamar yadda littafi ya faɗa. Yara suka kwafa da kyau. Ana nan sai wani yaro na bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in an danna wancan na kusurwa, me zai fito?" Na ba shi amsa, amma shi da ni duk mun san amsar littafi ce. Ga shi kuwa tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta shiga jami'a gaba ɗaya a kwamfuta a ke yin ta, hukumar WAEC ma ta fara gwada haka a 2024 ga masu zaman jarrabawa don kansu. Watau wannan yaro zai je ya gamu da abin da na zana masa, ranar da ba zanen zai taimake shi ba.

Kunya ta kama ni ƙwarai. Da hutu ya zo na tafi gida na gaya wa uwata ina so in ƙaro ilmin kwamfuta. Ba ta tambaye ni kome ba sai, "Nawa ne?" Ran kasuwa ta kai awakinta biyu. Na komo Maiduguri na shiga wani shago mai babban allo a ƙofa, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Wata uku muna zuwa, mu goma sha wani abu a kan kwamfuta huɗu, rabin lokacin kuwa janareta ba mai. A ƙarshe aka ba mu takarda mai kauri, da zanen ruwan zinariya a gefe, da hatimi ja.

Na ɗauki takardar nan da alfahari na kai ofishin wata ƙungiyar agaji da na ji tana neman mataimakin mai kula da kwamfutoci. Jami'in ya duba ta gaba da baya ya ce, "Malam, ina lambarta?" Na ce, "Wace lamba, Yallaɓai?" Ya ce lambar da zai buga a intanet ya tabbatar wane ne ya jarraba ni. Na yi shiru. Mutumin kirki ne, bai wulakanta ni ba. Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini guntuwar wayar haɗa kwamfutoci, da kan da a ke maƙala mata, da filaya, ya ce in haɗa. Siraran wayoyi takwas ne a ciki, ko wace da launinta, ko wace da gurbinta. Ban taɓa ganin cikinta ba sai ran nan.

To, daga nan ne na fara binciken abin da ya kamata in bincika tun awakin suna raye.

Abu na fari da za ka riƙe, ya mai karatu, shi ne takardun da a ke bayarwa a wannan fanni iri uku ne, ko da ya ke duka mu kan ce musu satifiket. Akwai takardar halarta, irin tawa, wadda ba ta shaidar kome sai cewa ka zo ka zauna. Akwai digiri, wanda jami'a ke bayarwa bayan shekaru na karatu, muddin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta amince da jami'ar da kwas ɗin. Sa'an nan akwai takardar shaidar sana'a, wadda masu ƙera na'urorin ko ƙungiyar masu sana'ar ke bayarwa ga wanda ya ci jarrabawarsu, ba su damu da inda ya yi karatu ba, ko ma bai taɓa shiga aji ba. Maganarmu a kan biyun ƙarshen nan ta ke, da yadda mutum mai aiki ko mai ƙaramin ƙarfi zai haɗa su yana zaune a garin nan.

Kada kowa ya ɗauka karatu daga nesa sabon abu ne. A makarantar mishan da na yi a ƙasar Biu akwai wani tsohon malami da ya kan ba mu labarin zamanin da a ke karatu ta gidan waya: a aiko maka darasi a ambulan daga Ingila, ka amsa a hasken fitilar ƙwai, ka mayar, ka jira makonni kafin ka ga jan biron malamin da ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba. Jami'ar Landan ta buɗe wannan ƙofa tun 1858. Ta nan Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar naira goma, ya sami digirinsa a 1928, yana malamin kwalejin horon malamai a Awka. Ta nan kuma Obafemi Awolowo ya sami digirin ciniki a 1944. A Kaduna an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a 1976, ta ɗaukaka malamai masu yawa ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Abin da ya sāke kawai shi ne ambulan ya zama intanet.

Babbar ƙofa a gare mu yau ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN. Shugaba Shehu Shagari ya kafa ta a 1983, mulkin soja ya dakatar da ita a 1984, sa'an nan aka tashe ta a zamanin Shugaba Obasanjo, ta kama aiki a 2002. Shi kansa Obasanjo da ya sauka daga mulki ya koma ɗalibinta, har aka ba shi digirin dakta a 2018. In tsohon shugaban ƙasa bai ji kunyar zama ɗalibinta ba, ban ga dalilin da wasu cikinmu ke yi mata kallon kishiyar jami'a ba. Hedkwatarta tana Abuja, tana kuwa da cibiyar karatu a nan Maiduguri. Tana ba da digiri a ilmin kwamfuta, da kuma a fasahar sarrafa bayanai da sadarwa. Ban da ita, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa, Jami'ar Maiduguri ma haka, a 2023 kuma aka ba jami'ar Miva ta Abuja lasisi, wadda ba ta Gwamnati ba ce, karatunta kuwa ta intanet ne. Wanda zai shiga ko wace daga ciki, ya fara tabbatar da cewa kwas ɗin da ya ke so yana cikin waɗanda a ke yi daga nesa a wannan shekara.

Yadda NOUN ke aiki na gan shi da idona, domin a makarantar da na yi gwajin koyarwa akwai wani malami, babba gare ni, wanda ke shekararsa ta uku a ciki. Ba a bukatar jarrabawar JAMB ta shiga, amma ana bukatar kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Mai takardar NCE da ta dace da fannin ya kan fara daga aji biyu, wannan kuwa albishir ne a gare mu. Littattafan darussa suna nan a shafin jami'ar, kowa na iya saukewa a wayarsa. Ko wane darasi makinsa ɗari: talatin daga ayyukan da ka ke yi ta intanet a cikin zango, saba'in daga jarrabawar ƙarshe, wadda galibi a cibiya a ke zama. 'Yan aji ɗaya da aji biyu a kwamfuta su ke yin tasu, na sama kuwa da biro da takarda. Ba mai buga maka ƙararrawa, ba mai kiran suna da safe. Malamin nan ya ce mini, "Ƙanena, wahalar ba a littafin ta ke ba. Wahalar ita ce ka dawo daga aji ƙarfe biyu cikin zafin watan Afrilu, ka ci abinci, sa'an nan ka hana kanka kwanciya."

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Mutum na iya karanta littafin nan duka, ya ci saba'in ɗinsa, ya fito da digiri, bai taɓa haɗa kwamfuta biyu su yi magana da juna ba. Ba laifin karatun nesa kaɗai ba ne, har masu zaman aji ma abin na samun su, sai dai ɗalibin nesa ya fi shiga haɗarin, tun da ba shi da ɗakin gwaji kusa. Wannan giɓi ne takardar shaidar sana'a ta ke cikewa.

Waɗanda aka fi ji su ne na CompTIA da na Cisco. CompTIA ta Amurka ce, ba ta sayar da na'ura. Takardarta ta fari ana ce mata A+, an fara ta a 1993, ta shafi gyaran kwamfuta da girka manhaja da gano inda cuta ta ke. Jarrabawa biyu ce, ko wace minti 90, tambayoyi har zuwa 90, sai ka ci duka biyu a ke ba ka. Sama da ita akwai Network+ ta haɗa kwamfutoci, da Security+ ta tsaron su. Cisco kuwa kamfani ne mai ƙera na'urorin da ke rarraba saƙo tsakanin kwamfutoci, waɗanda 'yan sana'a ke kira rauta da suwici. Takardarsa da ta fi shahara ita ce CCNA. Tun Fabrairu 2020 jarrabawa ɗaya ce, ta awa biyu. Kamfanonin Huawei da Google da Microsoft ma suna da nasu. Ba malaminka ke jarraba ka ba, wannan shi ne sirrin darajarsu. Jarrabawar CompTIA da ta Cisco kamfanin Pearson VUE ke tsaron su, in ka ci kuwa sunanka zai shiga rajista, mai ɗaukar aiki ko a ina ya ke ya duba ya gani. Lambar da Yallaɓai ya tambaye ni ke nan.

Bari in ɗanɗana muku kaɗan daga abin da ke ciki, don kada tsoro ya kori wani. Ko wace kwamfuta da ke cikin haɗi tana da adireshi, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, ko wace lamba daga 0 zuwa 255. Alal misali, 192.168.1.7. Ɗauki ukun farko a matsayin sunan unguwa, ta ƙarshe lambar gida. Gidaje nawa ke nan a unguwar? Daga 0 zuwa 255, gurbi 256 ne. Amma na fari, watau 0, sunan unguwar ne kanta, ba a ba kowa. Na ƙarshe, watau 255, na mai shela ne: saƙon da aka aika can, ko wane gida zai ji. Saura 254. To, a ce shugaban makaranta ya ce a raba unguwar huɗu, ofis daban, ɗakin malamai daban, ɗakin karatu daban, ɗakin kwamfuta daban, don kada yara su leƙa takardun ofis. Raba 256 gida huɗu, 64 ke nan. Ta fari daga 0 zuwa 63, ta biyu daga 64 zuwa 127, ta uku daga 128 zuwa 191, ta huɗu daga 192 zuwa 255. A ko wace ka cire na fari da na ƙarshe, saura 62. Rauta shi ne bulaman da ke tsaye a mahaɗar unguwannin, shi ke cewa wannan saƙo ya wuce, wancan ya tsaya. Wanda ya iya koyar da rabawa a aji huɗu na firamare, wannan ba zai gagare shi ba. Abin da jarrabawar ke so shi ne ka yi shi da sauri, kuma ka iya buga umurnin a jikin na'urar da hannunka.

Wani zai ce, in haka ne me ya sa ba za a bar digirin a kama sana'ar kawai ba? An yi wannan gardama da yawa, musamman sa'ad da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, daga 2019 zuwa 2023, domin ya sha nanata cewa gwaninta ta fi tarin takardu. A ra'ayina da gaskiyarsa, amma rabin gaskiyar ke nan ga ɗan talaka mai neman aikin Gwamnati. Ma'aikatar ilmi ba ta ƙara maka mataki don CCNA. Mai NCE a mataki na 7 ya ke farawa, mai digiri a mataki na 8, kuma digiri ne ke buɗe hanyar digiri na biyu. Bayan haka digiri ba ya mutuwa. Takardun nan na sana'a kuwa, na Cisco da na CompTIA, shekara uku su ke rayuwa, sa'an nan sai ka sabunta, ko ta sāke jarrabawa, ko ta cin wadda ta fi ta, ko ta tara shaidar ƙarin karatu. Dalili kuwa na'urorin kansu sākewa su ke yi. Ku dubi Kashifu Inuwa Abdullahi, mutumin Haɗejiya, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019: ya yi digirin kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ya kuma ci CCIE, wadda ita ce ƙololuwar jarrabawar Cisco. Bai zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya ba. A makarantarmu ta mishan ma haka aka saba tun zamanin da: littafi da safe, aikin hannu da yamma.

A Amurka akwai jami'ar da ta ɗinke biyun wuri ɗaya. Sunanta Western Governors, gwamnonin jihohi 19 suka kafa ta a 1997. Karatunta duka ta intanet ne, ana biyan kuɗi ɗaya na wata shida, ka gama darussa iyakar ƙarfinka. A kwasa-kwasanta na kwamfuta, jarrabawar ƙarshe ta wasu darussa ita ce jarrabawar CompTIA ɗin kanta, kuɗinta kuma yana cikin kuɗin makaranta. Wanda ya zo da takardar a hannu, a kan yafe masa darasin. Ɗalibi ya kan fito da digiri da takardun sana'a a tafiya guda. Na karanta wannan har miyauna ya tsinke, sa'an nan na ga don mazauna Amurka aka yi ta, ba ta ɗaukar mai zaune a Gwange. Mu a nan ba mai ɗinke mana, mu za mu ɗauki allura da zare da kanmu.

Kafin ɗinki kuwa sai an auna yadi. Bari mu yi lissafi irin na aji. A 2024 kuɗin jarrabawar CCNA dala 300 ne. Kafin Yunin 2023 dala a farashin Gwamnati wajen naira 460 ce, 300 sau 460 kuwa naira 138,000 ke nan. Bayan an saki naira, a cikin 2024 dala ta haura naira 1,500, 300 sau 1,500 kuwa naira 450,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Raba 450,000 da 70,000, za ka sami shida da 'yan kai. Watau albashin wata shida da kwanaki, ba ci ba sha, don zaman awa biyu. In ka faɗi ba a mayar maka da ko kwabo, in za ka sāke sai ka sāke biya.

Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu a lokaci guda. Ni abin da na gano shi ne ana iya cin su duka, amma bi da bi, kuma da sanin wadda za a fara. Ga yadda na tsara wa kaina, wanda ya ga ya dace da shi ya ɗauka.

Koyon abin daban ne, biyan kuɗin jarrabawa daban, mutane kuwa su kan rikita su. Koyo kusan kyauta ne. Cisco na da makarantarsa ta intanet tun 1997, ana ce mata Networking Academy, tana da darussan farko da kowa zai yi ba biya. Tana kuma ba da wata manhaja mai suna Packet Tracer, wadda a cikinta za ka jera rauta da suwici da kwamfutoci a fuskar allo, ka ja musu wayoyi, ka buga musu umurni kamar na gaske, ka ɓata ka gyara, ba abin da zai ƙone. Gwamnatin Tarayya ma ta fara shirin 3MTT a 2023 don horad da matasa kyauta. Saboda haka daga ranar da ka shiga digiri ka fara koyon hannu, ka kuma daidaita su: zangon da jami'a ta sa ka darasin sassan kwamfuta, ka karanta abin da ke cikin A+, ran Asabar ka je ka durƙusa wajen mai gyara a kasuwar 'yan waya, ko da share masa shago za ka yi. Zangon da aka sa ka darasin haɗin kwamfutoci, ka buɗe Packet Tracer. Ta haka karatu ɗaya ke biyan bukata biyu, littafin jami'a ya ba ka dalili, aikin hannu ya ba ka yadda a ke yi.

Amma jarrabawar kuɗi, kada ka zauna ta sai shekarar ƙarshe, ko sai ka ga aiki a gabanka wanda ke neman ta. Ka tuna da shekara ukun nan. Wanda ya ci CCNA yana aji biyu, ran da zai karɓi digiri takardarsa ta kusa mutuwa, bai ci moriyarta ko ta kwana ɗaya ba. Kuma ɗaya ta isa a fari. Ni CCNA na zaɓa, domin ita na fi gani a tallan aiki, kuma zama ɗaya ce. Wanda ya bi cikakken kwas ɗinta a hannun malami a wata cibiya mai rajista da Cisco, ya kuma ci jarrabawar ƙarshe ta kwas ɗin da maki mai kyau, a kan ba shi ragi mai tsoka a kuɗin babbar jarrabawa. Wannan ya isa a yi tambaya a kansa kafin a biya ko sisi. In ka sami aiki, sai aikin ya biya ta biyu.

Kada in ɓoye muku, aikin ma ba a tafin hannu ya ke ba. Daga 2016 ƙungiyoyin agaji sun cika garin nan, ko wane ofis yana bukatar mai kula da haɗinsa, samari da yawa sun ci abinci ta nan. A 2025 Amurka ta yanke kuɗin agajinta, ofisoshi suka rage ma'aikata. Abin da ya rage mai ɗorewa shi ne bankuna, da kamfanonin waya, da asibitoci, da cibiyoyin jarrabawa, da makarantu irin wadda na yi zane a allonta.

Ɗalibin intanet a Maiduguri yana da wasu abokan gaba da littafi bai ambata ba. A Mayun 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno har makonni. A Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka karya turakun wuta a hanyar Damaturu, gari ya daɗe ƙwarai cikin duhu, har aka buɗe tashar wuta mai aiki da gas ta megawat 50 a Maris 2023. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Malamin da na ambata, kwamfutarsa da takardunsa duka sun tafi a daren nan. Abin da ya cece shi, ya saba ajiye kwafin kome a akwatin saƙonsa na intanet, ya ari waya ya ci gaba. A Janairun 2025 kuma aka yarda wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Don haka sauke littattafanka duka a farkon zango, ka karanta ba data. Yi ayyukan makin talatin da wuri, kada ka jira daren ƙarshe, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramin farantin sola da batir sun fi sabuwar waya amfani a gare ka.

Game da babbar jarrabawa, an yarda mutum ya zauna ta a ɗakinsa, mai tsaro yana kallonsa ta kyamara daga wata ƙasa. Sharaɗin kuwa, tebur ya zama wayam, kada kowa ya shigo, kada a ji murya, kada haɗi ya yanke. Ku da kun san gidajenmu, ku faɗa mini ɗakin da za a yi awa biyu yaro bai ɗaga labule ba. Ni dai ko da tafiya za ta kama ni zuwa Kano ko Abuja, a cibiyar jarrabawa zan zauna, in sa kuɗin mota cikin lissafi tun yanzu.

Saura gargaɗi biyu, a taƙaice. Za a zo maka da tambayoyin sata a waya a ce su ne za su fito, ka haddace kawai. Masu jarrabawar su kan soke takardar wanda suka kama, in ma ba su kama ka ba, wani Yallaɓai zai miƙo maka filaya. Za a kuma yi maka tallan digiri na wata 'yan watanni daga ƙetare. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida, a Janairun 2024 Gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, masu laifi da marasa laifi duk suka shiga uku. Duba sunan jami'a a jerin NUC ba ya cin ko minti biyar.

Ni yanzu ga inda na ke. Na gama darussa biyu na kyauta, na iya haɗa wayar nan mai 'ya'ya takwas ba tare da duba takarda ba, ina jiran sakamakon NCE in nemi shiga aji biyu. Da na koma gida na faɗa wa uwata gaskiyar abin da ya sami awakinta. Ta yi shiru, can ta ce, "To, takardar tana ina?" Na ce tana cikin akwati. Ta ce in kawo mata ta rataye a ɗaki, tun da dai an biya. Tana nan rataye har yau, kusa da kalanda.

Makon jiya na ari tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka na koma makarantar Bulunkutu, na ɗora ta a tebur, yara suka yi layi. Da layi ya zo kan yaron nan na bayan aji, na ce ya danna wancan na kusurwa da kansa.